Motar da muke kwana a ciki tana cinye ribarmu: laifin inji ne ko na ƙanena?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan roba da kwanuka a kasuwannin mako. Ina da Hayis mai fetur, irin wadda ake cewa Homa. Na cire kujerun baya, rabi kaya rabi katifa, ni da ƙanena da yake tuƙa ta a ciki muke kwana kusan duk mako. Lahadi muna Gujungu, Litinin Shuwarin, Laraba Potiskum, daga nan mu kwana muna gudu don mu riski Maigatari ranar Alhamis, Juma'a kuma Wudil, sannan mu leƙa gida Kano. Bahuna da bokitai a kan kariya muke ɗaure su. Da zafi mukan bar motar a kunne da esi don mu samu barci. Yanzu kuɗin mai ya kusa cinye ribar gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin man a hannun ƙanena yake, kuma na fara zargin yana yankewa, har na yi tunanin kai ƙararsa wurin mahaifiyarmu. Wani bakanike ya ce akwai na'urar da ake ɗaurawa a bututun mai ta rage shan sa, wasu kuma sun ce in mayar da motar ta koma gas. Me kake ba ni shawara? Daga wani ɗan'uwanku a Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, kafin mu buɗe inji, ka dakata da maganar zuwa wurin Hajiya. Ba zan rantse maka cewa yaron nan bai taɓa rage canji ya sha shayi ba, amma a cikin wasiƙarka da hannunka ka rubuto abubuwa uku da kowannensu ya isa ya sha man da kake cigiya: kwana da inji a kunne, lodi a saman mota, da tseren dare daga Potiskum zuwa Maigatari. Duka ukun da saninka ake yin su, biyu ma kana kwance a cikin motar. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle zaton da ba a ɗora shi a kan lissafi ba.

Kuma lissafin ne ba ka da shi. Abin da ka sani kawai kuɗi suna fita. Ka tuna ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin mako ya zagayo ta haura 500, a watan Oktoba 2024 kuma ta wuce 1,000. Tafiyar da ka saba yi ta ninka kuɗinta sau biyar ba tare da motar ta ƙara shan ko cokali ɗaya ba, alhali zuciya tana nan riƙe da tsohon farashi tana auna komai da shi. Saboda haka ka daina ƙirga naira, ka koma ƙirga lita.

Ga yadda za ka yi. Ka daure sau ɗaya ka cika tanki, na Homa lita 70 yake ci. Ka bari kan famfon ya katse da kansa, kada mai zubawa ya yi ta ɗigo yana neman cika kuɗi. Ka rubuta lambar da mitar kilomita ta nuna a gaban direba. Idan mitar ta mutu, kamar yadda ta mutu a rabin motocin hayar ƙasar nan, taswirar da ke cikin wayarka za ta ba ka nisan kowace tafiya. Duk man da aka ƙara a cikin makon a rubuta litarsa, ba kuɗinsa kaɗai ba. Ranar da kuka dawo Kano ka koma gidan man da ka fara, in da hali ma famfon da ka fara, ka sake cikawa har ya katse. Ka haɗa litocin, ka raba kilomitocin da su. A ce kun yi kilomita 800 kun sha lita 110, to kowace lita ta kai ku kilomita bakwai da 'yan kai. Wannan lambar ita ce shaidarka. Mako na farko ku yi komai yadda kuka saba. Mako na biyu kada a kunna inji da dare ko sau ɗaya. Bambancin da za ka gani tsakanin makonnin biyu shi zai gaya maka inda gizo yake saƙa, ba ni ba.

Wani abin da littafin nan zai tona maka shi ne gidajen man da famfonsu ba ya cika awo. Akwai su, hukumar kula da harkar man fetur ta ƙasa, NMDPRA, tana rufe irinsu lokaci zuwa lokaci. Ka riƙa tsayawa ka ga an mayar da lamba sifiri kafin a fara zubawa, kuma gidan da kake yawan saye ka taɓa gwada shi da jarkar da ka san awonta. Man 'yan bumburutu kuwa sai dole ta kama: ga tsada, ga galan ɗin da aka taka wa gindi, ga rashin sanin abin da aka gauraya.

To, mu zo kan babban, wato kwana da inji a kunne. Mutane suna ɗauka mota sai tana tafiya take shan mai. Injin fetur da yake tsaye a silo yana shan kimanin lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, gwargwadon girmansa da kuma ko esi yana aiki. Injin Homa ba ƙarami ba ne, kuma esi a kunne yake, don haka ku kun fi kusa da biyu fiye da ɗaya. Mu yi sassauci mu ce lita ɗaya da rabi. Idan kuna barin ta awa biyar a dare, dare huɗu a mako, lita 30 ke nan, kusan rabin tanki, an ƙone shi taya ba ta juya ko sau ɗaya ba. Ka ninka da farashin litar yau ka gani ko bai yi daidai da kuɗin da kake zargin ƙanenka a kansu ba. Ga kuma abin da ba ya fitowa a littafi: awannin nan mita ba ta ƙirga su, amma baƙin mai yana tsufa da su, fulogi yana yin baƙi da su.

Da a ce kuɗi ne kaɗai da sai in ce ruwanka. Amma hayaƙin mota yana ɗauke da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Mai barci ba ya jin shigarta, barcin ne kawai yake ƙara nauyi. A Homa injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, cikin ɗakin da kuke kwana, salansa kuma ta bi ta ƙarƙashin katifarku. Huji ɗaya a jikin salansa, ko robar ƙofar baya da ta saki, ko dare marar iska da aka jingina gindin mota da katanga, ya isa. Idan kun taɓa tashi da asuba da ciwon kai da jiri da tashin zuciya kuka ce gajiyar hanya ce ko zazzaɓi, ka sake tunani. Haka ɗan janareta a gindin taga, haka rishon girki ko gawayi a ciki ƙofofi a rufe, duk hanya ɗaya suke kashewa. Wannan ba shawara ba ce da za ka auna riba da faɗuwarta, a daina daga daren yau.

Na san abin da za ka ce: wanda bai taɓa kwana cikin ƙarfe a watan Afrilu a Jigawa ba, zafi ya haura 40 da rana, bodi ya sha ya ƙoshi, shi ne zai ce a kashe esi. Gaskiyarka. Don haka kada ka hana abu ba ka kawo madadinsa ba. Ka nemi fanka mai amfani da batirin mota, irin mai bolt 12, guda biyu, kowa da tasa. Ka sayi batir na biyu wanda ba shi da haɗi da na tayar da inji, don kada gari ya waye kuna neman masu turi. Ka ɗora faifan sola a saman motar a kwance, manne da rufi. Fanka mai wat 20 idan ta kwana awa takwas tana juyawa wat-awa 160 ta ci, biyu 320, kuma faifai mai wat 100 a irin ranarmu yana iya mayar da wannan a yini guda. Cajin waya da fitila duk su koma kansa, a daina tayar da inji saboda waya ta mutu. Ka kai motar wurin tela ko mai walda a yi wa tagogin baya ragar sauro mai cirewa, ta yadda za ku kwana gilashi a buɗe ta ɓangare biyu iska tana ratsawa. Da rana a kasuwa a nemi gindin darbejiya ko da za a yi nisa da rumfa, a rufe gilashin gaba da kwali. Kuma ku riƙa isa masauki da wuri, a buɗe ƙofofi, injin da ke ƙarƙashin kujera ya huce kafin a shimfiɗa katifa. Daren da zafi ya fi ƙarfin fanka, tabarma da gidan sauro a gefen mota, in wurin yana da tsaro, sun fi esi ɗin da ba a san ko za a tashi ba. Kuɗin waɗannan kayan gaba ɗaya, man da kuke ƙonawa da dare zai biya su kafin zafi ya wuce.

Sai gudu da lodin sama, waɗanda tare suke tafiya. Hayis akwati ce mai faɗin gaba, ba a ƙera ta don yanka iska ba. Turjiyar iska kuma ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take yi: idan ka ninka gudu sau biyu, iskar da kake turawa ta ninka sau huɗu. Daga gudun 80 zuwa 110 ta kusa ninkawa biyu. Abin da ka saya da wannan man shi ne minti 20 a kowace kilomita 100, domin a 80 tafiyar awa ɗaya da kwata ce, a 110 kuma minti 55. Ka ɗora tulin bahuna da bokitai a kan kariya, tamfol yana kaɗawa, sai motar ta zama kamar mutumin da ya rungumi ƙyauren ɗaki yana gudu cikin iskar hadari. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce babban akwatin kaya a saman mota yana iya ƙara mata asarar mai da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya, kuma wannan akwati ne da aka ƙera sumul, ba bahon wanka da aka ɗaure da igiya ba.

Kayanka suna da wata fa'ida da na masu hatsi ba su da ita: roba tana shiga cikin roba. A jera bahuna cikin juna, bokitai cikin juna, a tsayar da katifa a jikin bango da rana, mafi yawan abin da ke sama zai samu wuri a ciki. Da dare in an zo kwanciya a sauke wasu ko a mayar gaba. Aiki ne, na sani, kuma ƙanenka ne zai fi yin sa. Abin da dole ya hau sama a kwantar da shi, kada ya yi tsiri, ƙanana a gaba manya a baya, a ja tamfol ya ɗame har ba inda yake fuka-fuki. Gudu kuma ya tsaya tsakanin 70 da 80 a babbar giya. Ko a doka ma, iyakar da aka yanka wa bas a babban titi mai hannu biyu 90 ce. Ƙafa ta zauna wuri ɗaya a kan totur. Direban da ya hango shingen bincike ko tudun rage gudu ya ɗage ƙafa tun daga nesa ya fi wanda zai zo da wuta ya taka birki, domin duk birkin da aka taka da ƙarfi man da aka riga aka ƙona ne aka zubar. A hanyoyinmu da kowane ƙauye yake da tuddansa, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata ɗabi'a ta direbobi da nake so ka duba ko yaronka yana yi: sakin mota a firi a gangara, wani ma har ya kashe inji, wai yana tattalin mai. A zamanin kafireto an ce da ɗan amfani. A mota mai injekta irin taka, idan tana cikin giya tana gangarawa aka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutarta yanke man take yi gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. Idan aka sa ta a firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi man silo. Kashe inji kuma yana tafiya da ƙarfin birki da laushin sitiyari, da lodi a baya. An yi ba a yi ba, ga kasada.

Nauyi yana da tasiri, amma kada ka ba shi girman da ba nasa ba. A miƙaƙƙiyar kwalta iska ta fi shi ci, a burji da cikin gari inda ake tashi ana tsayawa nan yake nuna kansa. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, babu dalilin ɗaukar huɗu daga Kano alhali kowane gari da rijiyar burtsatse. Kayan da suka yi wata uku suna zagaya Jigawa ba a taya ba, a sauke su a gida ko a karyar. Fetur a jarka a cikin ɗakin da ake kwana kuwa, kada ma a fara.

Yanzu ka buɗe taswira mu duba hanyarku, don ina ganin man da ya fi sauƙin tattali shi ne na tafiyar da ba a yi ba. Shuwarin tana kan titin Kano zuwa Maiduguri, daga nan Azare, daga nan Potiskum, kuma kuna da Talata gaba ɗaya a hannu. Babu abin da zai sa a yi gudu a wannan zangon. Matsalar tana daren Laraba: ku tashi daga kasuwa a Yobe a gajiye, ku nufi bakin iyakar Nijar kafin gari ya waye. A nan ake taka 110 da 120, a nan ake faɗa wa ramuka cikin duhu, a nan barci yake satar direba. Ka ware wa kowace kasuwa shafinta: man zuwa, man fitowa, cinikin da aka yi, ribar da ta rage. Potiskum babbar kasuwa ce, ta shanu ma tana cikin manya a Afirka ta Yamma, amma girman kasuwa daban, abin da ta bar maka a aljihu bayan an cire mai daban. Ƙila lissafi ya nuna maka ka riƙa zuwa mako ɗaya ka tsallake ɗaya, ko makon da aka je Potiskum a haƙura da Maigatari. Ƙila kuma ya nuna ita ce take ɗauke da sauran. Ko wanne ne, alƙalami ya faɗa. Kuma idan an ajiye mota a gari, ta zauna. Zuwa masallaci, wurin mai shayi, gaishe da abokin ciniki, duk da ƙafa ko a hau babur. Inji mai sanyi a gajeriyar tafiya ya fi kowane lokaci shan mai.

Sai wurin bakanike. Tambayar farko da za ka yi masa: tamostat ɗin motar nan yana ciki? A garejinmu da yawa, mota tana shigowa ake cire shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, kwamfutar motar kuma muddin tana jin inji da sanyi ƙara masa mai take yi. Motar da take tafasa, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta gaza. A gyara wannan, a mayar da tamostat. Tambaya ta biyu: an fasa tukunyar salansa an cire abin da suke kira indomi? Masu saye suna bin sa da kuɗi saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa ake yawan ce wa mai mota ya toshe. Shi ne yake rage gubar hayaƙin da na yi maka magana a kai, kuma a wajen fasa shi ake lalata sensar da take gaya wa kwamfuta yawan man da ya dace. Sensar nan idan ta mutu mota tana iya shan mai fiye da kima sosai alhali tana tafiya lafiya lau. Idan fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana kunne a gaban direba, ko an manna mata baƙin salatif don kada ta dami mutane, ka kai a sa mata kwamfutar bincike, kada a yi ta canza kaya da ka.

Akwai abin da za ka duba da idonka. Ka sa a kwance fulogi ɗaya a gabanka. Idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, inji yana ƙona mai daidai. Idan baƙi ne wuluk da toka mai laushi da take kama yatsa, mai yana yi masa yawa. Bayan tafiya mai ɗan nisa kuma ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, birkinsa yana kamawa, motar tana jan kanta da kanta. Matatar iska a kakkaɓe ta a kai a kai lokacin ƙura. Baƙin mai a zuba irin kaurin da littafin motar ya ce, ba mai kaurin da aka saba ɗura wa kowace mota ba.

Taya ba zan daɗe a kanta ba, sai dai akwai kuskure ɗaya da ya zama ruwan dare: rage iska da zafi wai don kada ta fashe. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce take lanƙwasa ta ɗauki zafi ta fashe, kuma ita ce take ƙara wa inji nauyi. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da na mota wayam da na mai lodi. A auna da safe kafin a yi tafiya, kuma ka sayi ɗan gejinka, don na masu faci da yawa ƙarya yake yi, wasu ma da ɗan yatsa suke aunawa. Idan gefe ɗaya na tayar gaba yana cinyewa ya bar ɗaya, a je a saita ƙafa. Ribar nan 'yar kaɗan ce, kashi biyu ko uku cikin ɗari, amma kyauta ce.

Na'urar da bakanike ya ce zai ɗaura maka a bututu, ka riƙe kuɗinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan fiye da 100, da maganaɗisu da abin zubawa a tanki da sauransu, ba ta samu ko ɗaya da ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. Da ƙarfe ɗan mitsitsi yana wannan aikin, da Toyota ta riga bakanikenka sa shi.

Gas kuwa magana ce ta gaske, ba irin ta na'ura ba. Tun 2023 gwamnatin tarayya take tura shirin mayar da motoci su koma amfani da iskar gas da ake matsewa a tukunya, wato CNG, kuma inda ake samunta ta fi fetur araha ƙwarai. Amma kai ba ɗan tasha ba ne da yake zuwa gari ɗaya ya dawo. Kafin ka biya ko kwabo, ka ƙirga da kanka gidaje nawa ne za su cika maka tukunya tsakanin Gujungu da Potiskum da Maigatari. Tukunya ɗaya ba ta kai ka nisan da tanki yake kai ka, tana da nauyi, kuma wurin da za a girke ta shi ne wurin katifarka ko na kayanka. Idan rabin mako za ka yi a kan fetur kana jan tukunya wayam, an gudu ba a tsira ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, shi ake sa ran zai yawaita gas a Arewa, sai ka bari gidajen su iso hanyarka tukuna. Ranar da za ka yi kuma, sai a cibiyar da aka amince da ita. Iskar nan matse ta ake yi har ma'aunin matsinta ya kai bar 200, ninkin-ba-ninkin na tukunyar girki. A birnin Benin na jihar Edo, a watan Oktoba 2024, wata mota ta tarwatse ana cikin cika ta saboda tukunyar da aka sa mata haɗin walda ce.

Mu koma kan ƙanenka. Littafin da na ce ka buɗe, kada ka ɓoye shi a aljihu kana leƙawa kamar mai tsaron ɓarawo, zai gane, kuma ranar da ya gane ka rasa direba ka rasa ɗan'uwa. Ka zaunar da shi ka ce mai yana neman ya kore ku daga sana'a, kana so ku gano inda yake tafiya, shi zai riƙa rubuta kilomita kai kana rubuta lita. Ka kuma yanka masa rabo: duk abin da aka rage a kan lissafin makon farko, wani kaso nasa ne, a ba shi a hannu ranar Juma'a bayan an tashi daga Wudil. Ƙafarsa ce a kan totur, shi zai sha wahalar sauke bahuna da loda su, shi zai haƙura da esi. Ba daidai ba ne wahalar ta zama tasa ribar taka kai kaɗai.

Idan an yi wata guda, an daina kwana da inji, an rage gudu, bakanike ya gama nasa, sannan ka ga kuɗin da yake karɓa ba su yi daidai da litocin da aka rubuta ba, to a lokacin kana da abin faɗa. Ko a nan ma ku biyu za ku fara, littafi a tsakaninku, ka tambaye shi nawa yake samu a wurinka a mako da kuma ko yana isar sa, don ba ka ambaci albashinsa a wasiƙarka ba. Sai abin ya gagara tsakaninku sannan Hajiya ta ji. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa.